Amsa ga ƙanenmu da aka tura koyarwa ƙasar Mayahi

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce an tura ka wata lakwal a ƙauyen Mayahi da ke jihar Maradi a Nijar, kana son jin yadda zaman can yake, kuma ko ka tafi da iyali tun yanzu. Shekara shida na yi ina riƙe da alli a wani gari wajen Kanan Bakashe, nan cikin ƙasar Mayahi, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ka fara tafiya kai kaɗai. Ba don mutanen ba, wallahi mutanen kirki ne. Ranar da na sauka mai gari ya ba ni ɗaki a zaurensa, kuma sai da na yi wata guda ban ɗora tukunya ba, akushi yana zuwa daga gida-gida. Saboda ruwa nake faɗa maka haka. Kafin ka tambayi ko akwai rezo na wayar salula, ka tambayi inda ake ɗiban ruwa. Garin da ke da fanfo mai aiki da hasken rana dabam, garin da ke kan rijiya dabam. Namu rijiya ce mai zurfi, sa ko jaki ke jan wasaki, mata su fita tun asuba da bido a kan amalanke, wasu ba su dawowa sai hantsi ya dubi ludayi. Matar da ta tashi a Maradi da ruwa a tsakar gida, in ka kai ta ba shiri, kai za ka sha kunya. Ni na kai tawa da wuri, watan Afrilu bai ƙare ba na mayar da ita da jinjiri ba lafiya.

Sa'arka ɗaya, lakwal tana buɗewa a Oktoba, daidai da kaka. Gari ya cika da damman hatsi, ga wake, ga riɗi, ga gyaɗa. Albashinka na farko ka zuba shi a hatsi da wake ka ajiye. Tiyar da ake roƙonka ka saya a kaka, ita ce za ka nema ido rufe a Yuli, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Gonaki sun tsuke, jama'a ta yi yawa, ƙidayar 2012 ma ta nuna mutanen Mayahi sun haura dubu 500, kuma ƙasar jigawa ce da ta gaji. Gida da yawa abin da suka noma ba ya kai su wata damina. Da an gama tattara amfani samari su watse ci rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya, a bar maka gari da tsofaffi da mata da yara.

Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a aji. Yaron da ya zo da furar safe a cikinsa da wanda ya zo haka nan, da ido za ka gane su. In yarinya ta yi kwana uku ba ta zo ba, kada ka fara da bulala, ka taka gidansu. Sau da yawa za ka tarar uwarta ce ke saƙar tabarma da igiya da kabar da suke yankowa a Gulbin Kaba, ita kuma aka bar mata raino da tallan. Abin da gidan ke ci ke nan. Ka zauna da uban da liman, a hankali ake dawo da irinsu, kuma na ga da yawa sun dawo.

Wataƙila ajinka na zana ne. Tun gobarar da ta ci yara a wata lakwal a Maradi a Nuwamban 2021 ban sake yarda a hura wuta kusa da irin ajin nan ba, kuma ka roƙi iyayen yara su bar ƙofa biyu.

Batun lafiya, ka riƙe gidan sauro, zazzaɓi yana tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. Tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma wani lokaci za ka je likita a rubuta maka magani ka saya. Ka san mai kabu-kabu ɗaya da zai tashi maka ko tsakar dare, don yashin hanyoyin can ba kowane mai babur ke iya shi ba.

Abu ɗaya da zai burge ka: gawo da sabara da kalgo da manoma ke bari suna tofowa a gona, sassaben zamani. Tsofaffi sun gaya mini bayan farin 1984 iska har iri take binnewa. In ka ga gona da itace, mai ita ne ya yi renonsa, kada ɗalibanka su sare maka makamashi a ciki.

Ka yi zangon farko, ka samu gida mai katanga, ka ga yadda ruwan yake a bazara, sannan ka ɗauko su. Faɗa mini sunan garin, in na san wani a kusa in haɗa ku. Allah Ya sa ka shiga a sa'a.