Me ya sa wasu jihohin Amurka suke kare masu keken doki?

Tambaya: Malam, na ji cewa a Amurka akwai jihohin da suka yi dokar hana birane soke sana'ar keken doki. Ina ruwan jiha da abin da ke yawo a titin birni? Kuma hakan na nufin mai doki ya yi yadda ya ga dama da dabbarsa?

Amsa: Malam, a tsarin Amurka birni ba ya cin gashin kansa. Ikon da majalisar birni ke da shi daga jiha ya fito, don haka idan majalisar dokokin jiha ta ce wannan fanni nata ne, birni sai ya janye hannu. Ta wannan ƙofa masu keken doki suka shiga.

Abin da ya kore su zuwa can kuwa shi ne, birane sun fara rufe sana'ar ɗaya bayan ɗaya. Salt Lake City ta haramta a 2014. Shikago ta yanke hukunci a 2020, haramcin ya fara aiki a farkon 2021. San Antonio ta amince a ƙarshen 2024 cewa za ta kawar da ita zuwa 2030. Da masu sana'ar suka ga a birni ƙuri'a ba ta tare da su, sai suka nufi majalisun jihohi, inda wakilan karkara da makiyaya ke da ƙarfi. A 2021 Oklahoma da Arkansas suka yi dokar kare dabbobi masu aiki, wadda ta hana ƙananan hukumomi haramta sana'ar kai tsaye.

Game da tambayarka ta biyu, a'a. Dokokin hana zaluntar dabbobi suna nan daram. Wanda ya bar dokinsa da yunwa, ko ya ɗaura shi a keke da gyambo a ƙirji, kotu za ta iya hukunta shi.

Sai dai ni a ganina, dokar da ta tsaya a kan "kada a haramta" kaɗai ta yi rabin aiki. Dubi Niyu Yok, inda kekunan ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a Central Park, babban lambun shaƙatawa na birnin. Can doka ta ce a kwance doki idan zafi ya kai kimanin digiri 32, kada ya wuce awa 9 yana aiki a rana, kuma a ba shi hutun mako 5 duk shekara. Duk da haka, a watan Agustan 2022 wani doki mai suna Ryder ya faɗi a tsakiyar titi, 'yan sanda suna fesa masa ruwa yana kwance a kan kwalta. Binciken likitan dabbobi ya nuna tsoho ne tukuf, kuma ramamme. Ƙa'ida tana rubuce, mai bin diddiginta ne ya yi ƙaranci.

Jihar da ta karɓe wa birni ikon haramtawa, wajibi ne ta ɗauki nauyin duba lafiyar dawakan, da ruwan shansu, da inda suke kwana.