Na kai shekara 47, shin lokacin sauya sana'a ya wuce ni?

Tambaya: Shekarata 47, kuma na fi shekara 20 ina koyarwa. Ina son komawa aikin nazarin bayanai, wato tantance alƙaluma da kwamfuta, har na yi kwas na gama. Na aika takardun neman aiki wurare da dama, amma shiru kake ji. Wata ƙawata ta ce shekaru ne suka yi mini yawa, in haƙura kawai. Gaskiyarta ce?

Amsa: Malama, ƙawarki ta yi gaskiya a kan dalilin shirun, amma ban yarda da shawararta ba.

Wariya saboda shekaru akwai ta, ba zato kike yi ba. A Amurka, masanin tattalin arziki David Neumark da abokan aikinsa sun ƙirƙiri takardun neman aiki kimanin 40,000 suka aika wa masu ɗaukar ma'aikata. An fi kiran masu ƙananan shekaru zuwa ganawa, kuma mata masu shekaru su suka fi shan wahala. Wannan fa a ƙasar da tun 1967 doka ta haramta nuna wa ɗan shekara 40 zuwa sama bambanci a wurin aiki. Dokar ba ta cika yin tasiri a lokacin ɗauka ba, domin babu mai kiranki ya ce shekarunki ne suka sa aka ajiye takardarki.

Lura da inda wariyar ta fi ƙarfi: lokacin tace takardu, sa'ad da ba a san ki ba sai a rubuce. Mai tacewa yana tsoron ba za ki iya da sababbin manhajoji ba, ko za ki nemi albashi mai tsoka, ko kuma ba za ki bi umarnin shugaban da kika girme shi ba. Ba zai furta ba, zai dai wuce zuwa takarda ta gaba.

Saboda haka ki daina gabatar da kanki a matsayin sabuwar shiga da ba ta san komai ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi damuna a wurin masu sauya sana'a: sai su binne shekarun da suka yi suna aiki kamar abin kunya, alhali da tsohuwar zuma ake magani. Binciken masanin tattalin arziki Pierre Azoulay da abokansa a kan kamfanonin Amurka ya gano cewa matsakaicin shekarun waɗanda suka kafa kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa 45 ne, kuma wanda ya taɓa aiki a fannin da ya shiga ya fi samun nasara nesa ba kusa ba. Ana yawan kafa misali da Ray Kroc, wanda ya mayar da gidan abincin McDonald's katafaren kamfani na duniya: lokacin da ya haɗu da masu gidan a 1954, ya riga ya haura shekara 50. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ya daɗe yana sayar wa gidajen abinci injinan haɗa madara, ya san cikin sana'ar tun kafin ya shige ta.

Ke ma kina da fannin da kika sani ciki da bai. Hukumomin jarrabawa, ma'aikatun ilimi, ƙungiyoyin tallafa wa makarantu da kamfanonin manhajar koyarwa duk suna da tarin alƙaluma. Matashin da ya fi ki saurin hannu a kwamfuta zai ga maki ya faɗi a zango na biyu, amma ke ce za ki yi tunanin tambayar ko an sauya malami, ko ɗalibai sun yi yawa a aji. Ki ɗauki sakamakon jarrabawa na 'yan shekaru, ki cire sunayen ɗalibai, ki fitar da rahoto mai shafi biyu da jadawali. Shi za ki riƙa nunawa. Sannan ki nemi tsofaffin abokan aiki da ɗalibanki da suka yi nisa, domin wanda aka gabatar da shi yakan tsallake matakin tacewar nan.

A takardar, ki fi ba da ƙarfi ga shekara 10 zuwa 15 na baya-bayan nan. Ba dole ba ne ki sa shekarar da kika gama makaranta in ba a tambaya ba, amma kada ki rage shekarunki, ƙaryar takan fito. A wurin ganawa ki riga su ɗauko maganar: ki ce aiki a ƙarƙashin wanda kika girma ba ya damunki, ki kawo misalin lokacin da kika yi hakan.

Sai batun kuɗi. Mai yiwuwa albashin farko ya gaza wanda kike karɓa yanzu. Kada ki ajiye koyarwa sai takardar ɗauka ta shigo hannunki, kuma kafin ki sa hannu ki binciki abin da barin aikin zai yi wa fanshonki da kuɗin sallamarki.