Karanta Sharaɗin da ke Jikin Kwalba Kafin Ka Yi Feshi

Tambaya: Wani manomin masara daga Saminaka ya ce ɗansa ne ke karanta masa rubutun jikin kwalbar maganin ciyawa, amma wannan layi ya rikita su: "If it rains within six hours, the chemical will wash off." Shin ruwan ya riga ya sauka ne, ko jiransa ake?

Amsa: Malam, ruwan bai sauka ba tukuna, sharaɗi aka gindaya maka. Jimlar ta kasu gida biyu. Gidan da ke da "if" shi ke ɗauke da sharaɗin, aikatau ɗinsa kuma yana zuwa a sigar yanzu, "rains", duk da cewa gaba ake nufi. Ba a saka "will" a wurin. Ɗaya gidan shi ke da "will", nan sakamakon yake. Wato in aka yi ruwa cikin awa 6 da feshi, maganin zai wanke.

Wannan gargaɗi ya fi shafar magani irin glyphosate, wanda ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa. Yana bukatar lokaci a bushe. Saboda haka in la'asar ta yi ka ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ganyen masara, ajiye famfon. Gara ka bari sai da safe, bayan raɓa ta bushe. Adadin awannin ya bambanta daga magani zuwa magani, ka bi na kwalbar da ke hannunka.

Tambaya: To "unless" fa?

Amsa: Wannan ta fi ba ni tsoro, don da yawa suna tsallake ta. Tana nufin "in ba ka yi kaza ba". Misali: "You will lose nitrogen unless you cover the urea." Takin yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, kuma in ka watsa shi a fili cikin zafin rana, wani kaso zai tashi ya bi iska. Tona rami ɗan nesa da gindin shuka, ka zuba, ka rufe da ƙasa mai danshi.

Tambaya: Hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, yakan ce "may". Daidai take da "will"?

Amsa: A'a. "Will" ta fi ƙarfi, "may" kuwa mai yiwuwa ce kawai. In ka ji "may" a maganar saukar damina, kada ka juye irinka duka a ruwan farko. Jira ƙasa ta jiƙu sosai.