Tambaya da Amsa: Ina Manyan Jiya Suke Kwance?

TAMBAYA: Ni malamin tarihi ne a wata sakandare. Ina so in kai ɗalibaina ziyarar kaburburan Malam Aminu Kano da Sardauna da Tafawa Ɓalewa a zangon karatu mai zuwa. An ce mini duk ukun a gidajensu aka binne su. Haka ne? Kuma ta ina zan fara? Daga wani malami a Kano.

AMSA: Malam, cikin ukun nan mutum ɗaya ne maganar ta dace da shi, kuma shi ne ya fi kusa da kai. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, saura 'yan watanni a yi zaɓen da zai tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Gidan Mambayya ke nan, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Da shi za ka fara, tunda ba kwana, ba doguwar tafiya. Ka sa yaran su dubi girman ɗakunan da mutumin da ya jagoranci NEPU ya zauna a ciki kafin ka ce musu komai. Ɗakunan za su rage maka rabin bayani.

Na Sardauna ne ake yawan kuskurewa. Mutane kan nufi Gidan Arewa da ke titin Rabah a Kaduna suna tambayar kabari, alhali can ne gidan Firimiya inda sojoji suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu a daren 15 ga Janairu 1966. Jana'izar a gidan Sarkin Musulmi da ke Kaduna aka yi ta, can aka rufe su. Gidan Arewa kuwa tun 1970 ya zama cibiyar adana tarihi, daga baya aka mayar da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Don ɗalibai, nan ne wurin zuwa: akwai takardu, akwai hotuna, akwai masu bayani. Gidan sarki ba wurin da za ka shiga da yara mota guda ba ne.

Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa shi aka yi wa hubbare na sosai. An ɗauke shi daga gidansa a Legas a daren juyin mulkin, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya wajen gari, aka kawo ta Bauchi. Ginin da ke kan kabarin daga baya ya zo, an fara shi a 1977 aka buɗe a 1979. Yadda aka tsara shi ma darasi ne. Za ku shiga ta wani lungu mai duhu tsakanin dogayen bangaye, alamar zamanin mulkin mallaka, haske na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har ku fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe, babu rufi. Kada ka bar yara su kunna fitilar waya a lungun, don duhun da gangan aka yi shi. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye kayansa da hotuna.

Abin da kan ɓata irin wannan tafiya ba ya wuce rashin wasiƙa. Ka rubuta wa shugaban kowace cibiya mako biyu kafin ranar, a takardar makaranta mai hatimi, ka faɗi yawan ɗalibai da lokacin isowa. In ba haka ba, mai gadi ne zai tare ku, mai mabuɗi kuma ya fita. Ka guji Juma'a da ranakun hutu. Ka raba yaran goma sha biyar-goma sha biyar, domin arba'in a ɗaki ɗaya na baya ba ya jin komai. Bauchi kuma a ba ta kwana. Wanda ya ce zai je ya dawo Kano a yini guda da ɗalibai, a mota zai ƙare darasin.

TAMBAYA: Me ya sa wasu shugabanni ake kai su makabartar kowa da kowa, wasu kuma a rufe su a gida? Akwai doka ne? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Hajiya, iyali ne ke yanke wannan, da wasiyyar mamaci in ya bari. Umaru Musa 'Yar'adua ya rasu a kan mulki ranar 5 ga Mayu 2010, washegari aka kai shi makabartar Ɗanmarna a Katsina, inda yayansa Shehu, wanda ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, yake. Shehu Shagari ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba 2018, aka mayar da shi garinsu Shagari. Abacha a 1998 da Buhari a 2025 a cikin gidajensu aka rufe su, ɗaya a Kano, ɗaya a Daura. A Nijar ma komawa mahaifa aka fi yi: Seyni Kountché yana Fandou, Tandja Mamadou yana Maine Sorowa.

A ganinmu makabarta ta fi. Kabarin cikin gida yakan zame wa magada alaƙaƙai ranar rabon gado, kuma talakan da ya zaɓi mutum ba ya samun yi masa addu'a a kusa sai da izinin mai gadi.

TAMBAYA: Kakanmu ya yi ɗan majalisa a Jamhuriya ta Farko. Kabarinsa ya lotsa bayan damina. Mu zuba siminti? Daga wani mai karatu a Haɗeja.

AMSA: Kada ku zuba. Lotsawa daga ƙasa take farowa: itatuwan da aka jera a bakin ƙaramin rami sun ruɓe ko gara ta cinye su, ruwa ya bi ta nan, ƙasar sama ta zauna. Siminti a kan rami mai kogo tsagewa zai yi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Ga kuma hukunci, don Risala ta ce makaruhi ne gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa.

Ku jira kaka, ƙasa ta bushe. Ku nemi masu haƙa na makabartar, su suka san iyakar kabarin da na maƙwabcinsa. A kawo jar ƙasa baro uku ko huɗu, ba yashi ba, a zuba kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa da hannu, har tudun ya kai kamar taƙi ɗaya. A sa dutse a kai da ƙafa. In ruwan sama ta nan yake bi, a yanka masa 'yar hanya ta gefe. Sannan wani a cikinku ya rubuta a littafi: layi na nawa, taku nawa daga ƙofa ko daga katanga. Kada a kafa alama da bishiya, ana sare ta.