Malam-buɗe-littafin da muka rena ya fito ƙarami, wani kuma da murɗaɗɗen fiffike: mu sake su?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da yarana uku a Houston, jihar Teksas ta Amurka. Bana aka koya wa autata kiwon tsutsar malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da baƙi da ake kira monak, abin ya shiga ran yaran duka. Muka sayo shukar da tsutsar ke ci muka dasa a bayan gida, muna tsinto ƙwai muna renonsu cikin robobi a falo. Na farko duk sun fito lafiya mun sake su. Amma cikin goma sha biyun ƙarshe, huɗu sun fito ƙanana sosai, biyu fiffikensu a cukurkuɗe, ɗaya kuma ya maƙale a kwansonsa har ya mutu. Yara sun tayar da hankali. Idan na ciyar da ƙananan za su ƙara girma? Masu murɗaɗɗen fiffiken kuma yaya zan yi da su?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya yara. Bari in fara da mai sauƙin. Ƙananan nan ba za su ƙara girma ba, ko da tulun zuma kika ajiye musu. Malam-buɗe-littafi da girmansa yake fitowa daga kwanso, kuma da shi zai mutu. Duk girman da zai yi a rayuwa yana yin sa ne lokacin da yake tsutsa, cikin kwana goma zuwa sha huɗu, inda yake saɓa sau biyar kamar yadda maciji ke yi, nauyinsa ya ninka wajen sau 2,000. Mafi yawan cin kuma a kwanaki uku ko huɗun ƙarshe ne. Duk wanda ya taɓa reno ya san wannan lokacin: ka cika roba da ganye da daddare, gari ya waye babu komai sai sanduna da kashi. Idan ganye ya ƙare a nan, ko ya yi yaushi, ko tsutsotsi suka yi yawa a roba ɗaya suna rububi, tsutsar ba ta jira. Sai ta haƙura ta rataye kanta ta shiga kwanso da abin da ta samu, daga baya a ga ɗan ƙaramin malam. Zafi mai yawa ma yana gaggauta girman tsutsa har ta rufe kafin ta cika, kuma zafin Houston a watan Agusta ba sai na ba ki labari ba.

Ki ɗauki rula ki auna fiffiken gaba, daga inda ya manne da jiki zuwa tsininsa. Lafiyayyen monak yana kai wa wajen santimita 5. Wanda ya gaza huɗu da rabi, ƙarami ne. To amma ƙanƙanta ita kaɗai ba cuta ba ce. Na sha ganin ƙaramin da ya buɗe fiffike sumul, ya kama yatsa da ƙarfi, ya tashi sama ya ɓace. Irin wannan, in gwajin da zan faɗa miki ya nuna jikinsa tsaf yake, ki sake shi.

Abin da ya sa ban tsaya a nan ba shi ne sauran labarin naki. Ƙanana huɗu, murɗaɗɗu biyu, ɗaya ya maƙale, kuma duk a rukunin ƙarshe bayan na farko sun fito lafiya. Wannan jerin ya fi kama da wata cuta da masu reno ke kira O.E., taƙaicen sunanta na kimiyya, Ophryocystis elektroscirrha. Wata ƙwayar halitta ce mai rayuwa a jikin monak da danginsa na kusa, an fara bayyana ta a 1970 daga samfuran da aka kama a Fulorida. Ba ta kama mutum, ba ta kama kyanwa, saboda haka kada ki ji tsoro don yara.

Ga yadda take yawo. Kin san garin nan da ke maƙalewa a yatsa in an taɓa malam-buɗe-littafi? Ƙananan ɓawo ne a jere kamar na kifi. Wanda ya kamu yana ɗauke da irin cutar, dubbai har miliyoyi, a tsakanin wannan ɓawon, musamman a kan tumbinsa. Macen ta sauka kan ganye za ta saka ƙwai, irin ya zube a kan ƙwan da ganyen kamar ƙura. Abu na farko da jaririyar tsutsa ke ci in ta ƙyanƙyashe shi ne ɓawon ƙwanta, sai ganyen da ke kusa. Da haka take haɗiye irin. Yana shiga ciki ya fashe, ya huda hanji ya koma ƙarƙashin fata yana hayayyafa. Tsutsar tana cin ganyenta, tana girma, ba ki ga komai ba. Sai a cikin kwanso cutar ke yin babban aikinta, ta cinye ƙarfin da ya kamata ya tafi ginin fiffike. Shi ya sa wani ya kasa fitowa, wani ya fito ya faɗi ƙasa kafin fiffike ya miƙe, wani ya fito ƙarami. Wani lokaci kwana biyu ko uku kafin fitowa za ki ga ɗigo-ɗigon baƙi marasa tsari ta cikin koren kwanson. Lafiyayyen kwanso ma yana yin duhu daf da fitowa, amma shi duhunsa bai-ɗaya ne dama da hagu, har kina hango zanen fiffike a ciki.

Babbar matsalar ita ce yawancin waɗanda suka kamu kaɗan ba su nuna alama ko ɗaya. Suna tashi kamar kowa, sai dai ba su daɗe a duniya, ba su kuma da juriyar tafiya mai nisa. Ido ba ya raba su da masu lafiya, dole sai gwaji.

Gwajin ba shi da wuya. Ki jira awa huɗu ko biyar bayan fitowa, fiffike ya bushe. Ki sa safar hannu, ki haɗe fiffiken huɗu ki riƙe a hankali tsakanin yatsu biyu. Ki yanko ɗan guntun salatif mai garai-garai, ki danna shi a gefen cikinsa, ki cire. Za ki ga ya ɗebo ɗan gari, kuma wannan ba ya yi masa illa. Ki manna salatif ɗin a kan farar takarda, ki rubuta rana da lamba a gefe, sannan ki duba da madubin ƙara girma irin na ɗakin gwaji, ko da na yara ne, muddin yana ƙara girma sau 40 ko fiye. Ɓawon zai bayyana manya-manya kamar ganye. Irin cutar kuma ƙananan ɗigo ne masu ruwan ƙasa, da siffar ƙwallon dabino, a warwatse tsakaninsu kamar an barbaɗa barkono. In kin gan su sau ɗaya ba za ki ƙara ruɗewa ba. Idan babu madubi a gida, akwai shirin da Jami'ar Jojiya ke gudanarwa mai suna Project Monarch Health, wanda ke karɓar irin waɗannan takardun daga jama'a ya duba. Ki riƙa sauya safar tsakanin ɗaya da ɗaya, kada ki zama ke ce mai rarraba cutar.

To, wanda gwaji ya nuna ya kamu, ko ya iya tashi ko bai iya ba, shawarata kada ki sake shi. Na san wannan ne mai nauyin. Ba a da maganin O.E. in ta riga ta shiga jiki, murɗaɗɗen fiffike kuma in ya bushe a haka ba ya miƙewa. In kika sake mai ɗauke da cutar, kan shukar bayan gidanki zai fara sauka, duk ƙwan da wata lafiyayyar mace ta zo ta saka a wurin ya shiga haɗari. Kuma ku a Teksas kuna bakin mashigi ne. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ayarin da ya taso tun daga kudancin Kanada ta jiharku yake bi zuwa dazukan duwatsun Michoacán a tsakiyar Meziko, tafiyar da kan kai kilomita 4,000. Wannan doguwar tafiyar da kanta tana tace cutar, domin raunana suna zubewa a hanya. Shi ya sa a cikin masu ƙaura na gabashin Amurka waɗanda suka kamu sosai ba su cika wuce ɗaya cikin goma ba, alhali a kudancin Fulorida, inda monak ke zaune shekara duka ba ya ƙaura, sun haura kashi 70 cikin 100.

Hanya biyu gare ki. Ta farko, ki ajiye shi a keji shi kaɗai, nesa da inda tsutsotsi suke, yara su riƙa ba shi ruwan sukari, cokali ɗaya cikin cokali tara na ruwa, a jiƙa auduga a ɗora ƙafafunsa na gaba a kai, don da ƙafa yake ɗanɗano. In bai miƙa bakinsa ba, a warware masa nannaɗaɗɗen bakin da tsinken sakace a hankali. Zai iya yin mako ɗaya ko biyu. Ta biyu, ga wanda ya ji jiki sosai, ba ya iya tsayuwa ba ya iya sha: ki saka shi a ambulan ki sa a firiza ya kwana. Sanyi yana sa ƙwaro ya yi likimo kafin ya mutu, kuma ita ce hanyar da masu bincike ke bi. Daga nan sai kwandon shara, cikin ambulan ɗin, ba a binne shi a lambu ba, domin irin cutar yana daɗewa da ransa. Ni dai in gidana ne, da masu ɗan ƙarfin zan bar wa yara su yi jinya, su ga yadda yake sha da idonsu.

Sai mu koma kan shukar, don ina zargin can ne tushen. Ki duba furenta. In ja ne da ruwan ɗorawa a tsakiya, to nau'in ƙasashen zafi ne da ake kira Asclepias curassavica, wanda aka fi sayarwa a shagunan dashe saboda kyansa da sauƙin rayuwarsa. Nau'o'in asalin Teksas suna bushewa da hunturu su sake tohowa da sabon ganye mai tsabta. Shi wannan a Houston yakan kai shekara da ganyensa, irin cutar ya yi ta taruwa a kai, mace bayan mace. Wannan ya dace da abin da kika gani, na farko lafiya, na ƙarshe matsala. Ki sare shi kusa da ƙasa da kaka, ki ci gaba da datse tohon har ƙarshen hunturu, in da hali kuma ki maye gurbinsa da na asalin yankin. Af, kin lura da farin nonon da ke fita in an tsinki ganyen? Dangin tumfafiya ne, kuma kashedin da iyaye ke yi mana a gida kan nonon tumfafiya da ido yana nan daram a kansa. Yara su wanke hannu da sabulu duk lokacin da suka taɓa shi. Ɗan'uwan monak ma yana nan a ƙasar Hausa, mai ruwan lemon nan da baƙi da fari a tsinin fiffike, wanda tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya a bayan gari.

Robobin kuma sai an yi musu wanka na gaske. Sabulu kaɗai ba ya kashe irin O.E., sinadarin goge hannu mai barasa ma haka. Bilic ne maganinsa, irin su Jik da Hypo da muka sani: kofi ɗaya cikin kofi huɗu na ruwa, a jiƙa roba da raga da duk abin da ya taɓa su na minti ashirin, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. Ganyen da za ki ba su a tsoma shi cikin mai sirki, kashi ɗaya cikin goma, a ɗauraye shi sau da yawa, a tsane. Kuma kada malam ya fito daga kwanso a cikin robar da tsutsa ke ci, domin da zarar ya kaɗa fiffike ya yi musu barbaɗe.

Ba kowace mutuwa ce O.E. ba. In kika ga farin zare yana reto daga kwanso ko daga tsutsar da ta rataye, wani ƙuda ne ya riga ya saka mata ƙwai tun tana waje. In tsutsa ta yi baƙi ta narke tana wari, ƙwayar cuta ce ta daban, a fitar da ita da sauri a wanke wurin. In tana aman koren ruwa tana murƙususu, maganin ƙwari ne a ganyen, sau da yawa daga shagon da aka sayo shukar. Jan ruwan da sabon malam ke ɗigarwa bayan fitowa kuwa ba jini ba ne, ragowar dattin zaman kwanso ne, kowanne yana yi.

Magana ta ƙarshe kan yawa da kuma falo. A 2019 masu bincike a Jami'ar Chicago sun gano cewa monak ɗin da aka rena cikin ɗaki, ko da daga daji aka samo iyayensa, yana iya rasa sanin ina ne kudu in lokacin ƙaura ya yi. Tsutsa tana karanta gajarcewar yini da sanyin dare, su ne ke shaida mata cewa ita ta tafiya ce. Fitilar falo da na'urar sanyaya ɗaki suna ɓoye mata wannan. Ƙungiyar Xerces mai kare ƙananan halittu tana ba da shawarar kada mutum ya rena fiye da goma a shekara, kuma ina tare da su. Baɗi ki ba kowane yaro tsutsa biyu ko uku, kowace a robarta, da sabon ganye safe da yamma, a kwashe kashin kullum, a ajiye su a baranda inda inuwa take amma hasken rana da iskar dare suna isa. Sauran ƙwan a bar su a kan shuka. Huɗun nan ƙanana kuma ki gwada su yau, kafin yara su dawo daga makaranta.