Amsa ga 'yar uwar da ɗanta ke kukan a samo masa irin Pikachu

Salamu alaikum 'yar uwa. Ina karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce yaronki ɗan shekara 6 ya maƙale wa shirin katun na Pokémon, kullum kuka yake a samo masa dabbar da zai riƙa ɗorawa a kafaɗa kamar yadda Ash, yaron da ke cikin shirin, ke yi da dabbarsa Pikachu, kina tambaya ki saya masa ko ki hana shi kallon. Wallahi abin nan ya faru a ɗakina.

Nawa shekararsa 7 lokacin. Da ya dame ni sai ƙanwata ta kawo mana 'yar mage mai ratsin ja, ya sa mata suna Pika. Da hannunsa yake cire mata ƙaya a kifi, madararsa ma rabawa suke yi. Yaron da sai na yi ta fama kafin ya tashi da asuba ya koma shi ke tashina, wai Pika na jin yunwa.

Wata 5 muka yi da ita. Maƙwabciyata ta ce ta cinye mata 'yan tsaki 2. Na ba ta haƙuri, na ce zan biya, ta ce ba komai, har da murmushinta. Ashe shinkafar ɓera ta zuba a kan kifi ta ajiye bakin rariya. Ita da bakinta ta gaya wa wata, ko kunya babu! Ya dawo daga Islamiyya ya tarar da magen a bayan randa ta sandare, bakinta duk kumfa. Ya ɗauko ta a rigarsa yana cewa Umma mu kai ta asibiti, ai a cikin shirin suma kawai dabbobin suke yi a warkar da su. Na rasa abin ce masa. Kwana 3 ba ya cin abincin kirki. Matar nan tana zuwa wa'azi, ta san hadisin wadda ta shiga wuta saboda mage. Na bar ta da Allah, amma har yau in na gan ta sai gabana ya faɗi.

Ni dai shawarata kar ki hana shi kallon, tausayin dabba ya koya wa nawa. Amma ki zaunar da shi. Tun 1997 aka fara shirin a Japan, har aka rufe labarin Ash a 2023 yana nan ɗan shekara 10, Pikachu bai tsufa ba. Yaro zai ɗauka haka dabba take. Ki gaya masa tana ciwo, tana mutuwa, tun kafin ki kawo ta. Ni ban yi ba.

Kuma ki duba maƙwabtanki tukuna, in gidan haya ne ma gara zomo a keji.

Af, kar ki bar shi yana kallo a duhu, fuska manne da waya. A Disambar 1997 wani kashi na shirin mai walƙiyar ja da shuɗi ya kai yara sama da 600 asibiti a Japan. Katunan wasansu kuwa ni ba na saya, su ne Saudiyya ta hana a 2001 saboda kama da caca.

Nawa yanzu shekararsa 11. Na yi masa tayin wata magen sau 2, ya ce a bari tukuna sai mun tashi daga unguwar.