Kun Tambaya, Mun Amsa: Wai mene ne Bufo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar SS2 daga Zariya. A littafinmu na bayoloji an rubuta Bufo regularis a ƙarƙashin hoton kwaɗo, amma da na duba a waya sai na ga wani suna daban mai wuyar faɗa, kuma na ga ana cewa bufonid. Don Allah wanne ne daidai, kuma shi Bufo ɗin Turanci ne ko me? Ina tsoron kar in rubuta a jarrabawa a soke min.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Ki kwantar da hankalinki, littafinku bai yi ƙarya ba, wayar ma ba ta yi ƙarya ba, sunan ne aka canza.

Bufo dai asalinsa Latin ne, kwaɗo yake nufi, irin mai kaushin fata ɗin nan da ke fitowa tsakar gida da damina ya zauna ƙarƙashin fitila yana lashe shinge da sauran ƙwari. Bature a hirarsa ta yau da kullum ba ya cewa Bufo, toad yake cewa, shi kuma mai santsin jiki da dogayen ƙafafu irin su bududdugi ya ce masa frog. Masana ne suka ɗauki Bufo suka mai da shi sunan rukuni, daga nan aka gina Bufonidae a 1825, wato sunan dangin gaba ɗaya, kuma dangi ne babba don akwai iri sama da 600 a duniya. To duk wanda ya fito daga wannan dangin shi ne bufonid a Turanci, in suna da yawa a ce bufonids, ana furta shi kamar "byufonid". Saboda haka namu na tsakar gida bufonid ne, bududdugi kuwa ba ya ciki.

Yadda ake gane su ba wuya. In kin lura da bayan idonsa za ki ga wani kumburi dogo ta kowane ɓangare, nan ne jakar dafinsa. Ba su da haƙori ko ɗaya, ƙafafunsu gajeru ne shi ya sa tsallen nasu bai da nisa, sannan ƙwansu a jere yake cikin wani dogon zare mai yauƙi, in kin leƙa kududdufi bayan an yi ruwa za ki gan shi ya nannaɗe a jikin ciyawa kamar carbi, alhali yawancin su frog a dunƙule suke zuba nasu.

Yanzu batun suna biyun da ya rikita ki. Wani masani Bajamushe mai suna Reuss ne ya raɗa wa wannan kwaɗon Bufo regularis a 1833, da samfurin da aka samo a Masar, kuma shekaru aru-aru kusan duk kwaɗo mai kaushin fata da aka gano, ko a Afirka ko Asiya ko Amurka, sai a jefa shi cikin Bufo, har rukunin ya cika ya batse. A 2006 Darrel Frost da abokan aikinsa suka fitar da babban bincike da ya dogara da ƙwayoyin halitta, suka nuna ai waɗannan ba duk 'yan ɗaki ɗaya ba ne, sai aka rarraba su, namu na Afirka aka ba su Amietophrynus don girmama Jean-Louis Amiet, wani Bafaranshe da ya daɗe yana nazarin kwaɗi a Kamaru. Ana cikin haka a 2016 aka gano ashe akwai tsohon suna tun 1838 da ya riga shi, kuma ƙa'idar masana ita ce wanda ya riga shi ke da wuri, shi kenan ya koma Sclerophrys regularis. Na tabbata shi ne mai wuyar faɗan da kika gani. Shi Bufo yana nan bai mutu ba, amma yanzu 'yan kaɗan ne a cikinsa, irin su Bufo bufo na Turai.

A jarrabawa kuwa shawarata ki bi abin da ke littafinku da abin da malaminku ya koyar, in an tambayi sunan da kowa ya sani ki rubuta toad kawai. Abin da na fi so ki kiyaye shi ne yadda ake rubutawa, don nan ɗalibai ke zubar da maki a banza: B babba, r ƙarami, kuma tunda da biro kike rubutu ki ja layi a ƙarƙashin kowace kalma daban, a bugu ne ake karkata haruffan. Bufonidae ana fara shi da babban baƙi amma ba a ja masa layi, bufonid kuwa kalmar Turanci ce kamar kowace, ƙaramin baƙi ya ishe ta.

Za ki ƙara cin karo da kalmar Bufo a sunayen dafi, irin su bufotoxin da bufotenine, duk daga nan suka fito. Kuma wannan ba abin wasa ba ne wallahi. Akwai wani ƙato ɗan Kudancin Amurka, da ana ce masa Bufo marinus yanzu Rhinella marina, a 1935 aka kai shi Ostareliya wai ya cinye ƙwarin da ke ɓata rake, ƙwarin bai gama da su ba, shi kuma ya yaɗu ya yi ta kashe macizai da guza da wasu dabbobi da yawa da suka haɗiye shi. A jihar Fulorida ta Amurka har yau mutanen gari bufo toad suke ce masa, kuma karnukansu kan mutu in sun cije shi, to kin ga can kalmar ta fita daga aji ta shiga bakin talakawa.

Namu bai kai wancan girma ba amma yana da dafinsa, don haka ba a cin sa, kuma in kun taɓa shi a ɗakin gwaje-gwaje ki wanke hannu da sabulu kafin ki kai ido ko baki. Sannan don Allah ki hana ƙannenki jifansa, ƙwarin da yake cinyewa a gida da gona ba kaɗan ba ne.